Inda Maharazu Ke Kwana Ranar Juma'a

Hoto uku Suhaib ya jera a kan teburin falon Baffa Umar Faruq da ke Lewisham, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kasa goro. Bai nuna su a waya ba. Sai da ya je aka wanko masa su a takarda, don kada wani ya ce bai gani da kyau ba.

"Baffa, wallahi ba gulma na kawo ba," in ji shi. "Kun ce kuna bincike, shi ne na ga bai kamata in yi shiru ba."

Ummukulthum tana tsaye a bakin ƙofa da tiren shayi a hannu. Shekararta talatin da biyu, nas ce a wani asibiti a Croydon.

Hoton farko farar motar aikin Maharazu ce, ga sunansa a jiki da lambar waya, tana fake a gaban wani tsohon gida mai jan bulo. A bayan gidan layin itacen inabi ne iya ganinka.

Na biyu shi ne da kansa, rungume da akwatin katako irin wanda ake zuba kwalaben giya.

Na uku wata Baturiya ce ta ba da baya, ta dafa masa kafaɗa, shi kuma yana dariya.

"Gonar giya ce a Kent," in ji Suhaib. "Da otal a ciki, ɗaki tara. Duk Juma'a can yake kwana. Sati uku ina sa ana duba min."

Baffa bai taɓa hotunan ba. Shi ya riƙe Ummu tun rasuwar yayansa, mahaifinta, kuma shi ne waliyyinta. Wata biyu ke nan da Maharazu, mai gyaran boiler, na'urar ɗumama gida, daga Dagenham, ya zo neman aurenta tare da wani Alhaji Zaid na masallacinsu. Baffa ya ce sai ya yi bincike, ya sa ranar Lahadi mai zuwa bayan azahar ya ba da amsa. Shi kuwa Suhaib ɗan aminin Baffa ne, gidansu ɗaya a Abuja ɗaya a Landan, shekara biyu yana kawo turare ana karɓa ana ba Gwaggo, ƙanwar Baffa.

"Ummu," Baffa ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Ranar Juma'a kina samun yaron nan a waya?"

Ta so ta ce e. Bakinta ya ƙi.

"Yakan ce aiki ne, Baffa."

"Boiler ɗin da ba ya lalacewa sai Juma'a," in ji Suhaib, yana murmushi.

Baffa ya tattara hotunan da bayan hannu ya ture gefe.

"Talaka zan ba shi. Maraya zan ba shi. Mashayi da maƙaryaci ko kaza ba zan ba su ba. Lahadi tana nan zuwa."

Abin da ya faɗa ke nan, ya tashi ya shiga alwala.

* * *

Ba ta kira Maharazu ta tambaye shi ba. Mutumin da zai iya ɓoye maka Juma'a goma, amsar waya ɗaya ba za ta gagare shi ba. A daren ta yi booking, ta kama ɗaki ɗaya mai gado biyu a otal ɗin, da safe ta je Catford ta sami Gwaggo Talatu, ƙanwar Baffa, ta zayyana mata komai.

"Gidan giya za ki kai ni? Ni? Da hajjina biyu?"

"Gwaggo, in na tafi ni kaɗai me za a ce?"

Gwaggo ta yi tsaki.

"Ni dama tun farko idon yaron nan bai kwanta min ba. Mutum kullum kai a ƙasa kamar wanda ya haɗiyi allura. Ɗauko min kular nan ta saman firij. Ko ruwan gidan ba zan sha ba."

Ranar Juma'a suka hau jirgin ƙasa daga London Bridge. Gwaggo da buta, da darduma, da kula cike da dafa-duka, da robar ruwa guda huɗu. Baffa aka ce masa sun tafi duba wata mai jego a Maidstone.

Daga tasha tasi ta kwashe su ta wani siririn titi da mota biyu ba sa wucewa tare. Watan Satumba ne, ana tsakiyar tsinkar inabi. Mutane sun sunkuya cikin layuka da almakashi da bokiti, wata ƙaramar tarakta tana bin su a baya. Iskar wurin tsami-tsami take yi.

Gwaggo ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Ko shaƙar wannan sai mutum ya sake alwala."

Gidan ya kai shekara ɗari huɗu, haka aka rubuta a wani allo a bakin ƙofa. Azarar rufin baƙa ce ƙirin, ta lanƙwashe don tsufa, ƙofofin kuma gajeru kamar na rumbu. Gwaggo tana shiga ɗaurin ɗankwalinta ya maƙale a sama, ta ja baya tana salati.

Mai gidan ya taryo su, wani jan Bature mai furfura da takalmin roba har gwiwa, ya ce sunansa Nathaniel. Yana riƙe da tire, kofunan gilashi biyu masu dogon wuya, abin ciki yana tartsatsi. Al'adar gidan ce, duk baƙon da ya sauka sai an tare shi da giyar gonar.

"A'uzu billahi! Ummu, faɗa masa ya janye min abin nan daga gabana."

Baturen bai ji haushi ba. Ya kalli mayafansu ya ba da haƙuri, ya koma ya kawo ruwan tuffa. Gwaggo ta shinshina.

"Shi ma a nan aka matse shi? Da wace na'urar? Ɗauke."

Ya miƙo musu wani ƙaton makullin ƙarfe mai nauyi. Ummu ta karɓa, sannan ta tambaye shi da Turanci, kamar abin bai dame ta ba, ko ya san wani Maharazu mai gyaran boiler.

Hannun Nathaniel ya tsaya a kan littafin baƙi. Ya dube ta, ya dubi Gwaggo, fara'ar nan ta ragu.

"Na san shi," ya ce. "Amma maganarsa ba tawa ba ce da zan faɗa."

"Me ya ce?" in ji Gwaggo.

"Ya ce ba zai faɗa ba."

"To ai ya faɗa."

* * *

Ɗakinsu a sama yake, bene na katako yana kuka duk inda ka taka. Gwaggo ta duba ƙarƙashin gado, ta buɗe ɗan firij ta tarar da ƙananan kwalabe a jere, ta sa tawul ta kwashe su ta kai waje ta ajiye a bakin ƙofa. Sannan ta sa Ummu ta nemo alƙibla a waya, ta tayar da azahar.

Ummu ta zauna a bakin taga. Daga nan ana ganin gonar duka har gangare, inda wani ɗan ƙaramin gida yake shi kaɗai a bayan shinge, hayaƙi yana fita ta samansa.

Tana zaune tana tuna abubuwa. Mutum in zargi ya shige shi, har alherin da aka yi masa a baya sai ya juyo da shi ya duba ƙasansa. Ta tuna ran da Maharazu ya zo gyara a flat ɗin Gwaggo cikin sanyin Janairu, ya ƙi tafiya sai da ɗakin ya yi ɗumi. Ta tuna bai taɓa kai ta gidan wani ɗan'uwansa ba. Ta tuna in aka ambaci Kano sai ya canza magana. Ta tuna wata Asabar da ta ji wani baƙon wari a rigarsa, ya ce sabulun wurin aiki ne.

Ƙarfe huɗu saura, farar motar ta shigo.

Ba ta tsaya a gaban otal ba. Ta zagaya ta bi hanyar tarakta, ta gangara har ɗan gidan nan. Maharazu ya fito da kaftanin Juma'a da hula. Ya buɗe baya, ya ciro akwatin katako.

Ummu ta ɗauki waya ta kira shi.

Tana kallonsa ya ajiye akwatin, ya zaro wayar daga aljihu, ya dubi sunanta. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya mayar da ita aljihu, ya ɗauki akwatinsa ya shige.

Hawaye ya zubo mata ba ta ma sani ba.

"Tashi," in ji Gwaggo, tana gyara ɗamara. "Kuka a taga ba ya kama ɓarawo."

Suka bi ta cikin layukan inabin, Gwaggo tana tattare zani kada ganye ya taɓa ta. Masu tsinka suka ɗago suna kallon su. Da suka isa shingen, ƙofar ɗan gidan a buɗe take kaɗan, suka jiyo muryarsa. Da Hausa yake magana, a hankali, da wata irin murya da Ummu ta ɗauka ita kaɗai ake yi wa.

"Haba mana. Saura kaɗan. Don ni, ko ɗaya ne."

Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Bahaushiya ce ma! Ya ajiye ta a gidan giya!"

Ummu ba ta yi sallama ba. Ta tura ƙofar.

Wani tsoho ne zaune a kujera kusa da murhu, an ɗaura masa tawul a wuya. Maharazu yana durƙushe a gabansa da kofi da cokali, yana ba shi kunun gyaɗa. Akwatin giyar yana ƙasa a buɗe. Zannuwan gado ne a ciki wankakku an goge, da singileti, da reza, da abin yanke farce.

Cokalin ya faɗi daga hannun Maharazu.

Tsohon ya juyo. Ummu ta ga wushiryar nan, ta ga faɗin goshin, ta ga kunnuwan da take tsokanar Maharazu da su. Fuska ɗaya ce, an dai ƙara wa ɗaya shekara arba'in.

"Lale, lale," in ji tsohon, fuskarsa ta washe. "Baƙi muka yi. Mutanen ina ne?"

"Kano," Gwaggo ta amsa kafin ta yi tunani. "Mandawari."

"Allahu akbar. Ya ruwa bana? Gero ya yi kai?"

"Alhamdu lillahi," in ji Gwaggo, wadda rabonta da ganin gero a gona shekara ashirin.

"Yaro, ba su wuri mana." Tsohon ya nuna Maharazu da haɓa. "Wannan yaron kirki ne. Duk sati sai ya zo ya yi min aski. Ban san ko ɗan waye ba, amma ubansa ya yi dace."

Maharazu ya sunkuyar da kai.

* * *

A waje suka tsaya, tsakanin layi biyu na inabi. Gwaggo ta zauna ciki, ta ɗauki cokalin da kanta.

"Wane ne?" in ji Ummu.

"Kin gani ai."

"Da bakinka nake so in ji."

"Mahaifina ne."

Ta yi wata dariya marar daɗi, hawaye na zuba.

"Mahaifinka. Ina bayan labule ranar da kuka zo. Baffa ya ce ina mahaifinka, ka ce maraya ka tashi. Ya ce Allah ya jiƙansa. Me ka ce, Maharazu?"

Ya kawar da kai.

"Me ka ce?"

"Na ce amin."

"Ka ce amin! Mutum yana nan yana shan kunu, ka amsa masa addu'ar matattu a falon Baffana!"

"Ummu, ki saurare ni."

"Kwana biyu ban yi barci ba. Na zarge ka da kwalba, na zarge ka da Baturiya, na ce ko mata gare ka a ɓoye. Har na fara shirya yadda zan yafe maka wani abin. Wannan ban shirya masa ba."

Ya share fuska da hannun riga, ya fara magana yana kallon ƙasa.

Karatu ya kawo mahaifinsa Ingila, Maharazu yana goye. Karatun ya watse, kunya ta hana shi komawa. Ya zo nan tsinkar inabi na sati uku, ya shekara talatin da bakwai. Ya yi aiki a rumbun giyar, ya kuma sha, ba kaɗan ba. Labari ya je Kano, danginsa suka ce sun yafe shi, aka raba auren. Aka ce wa yaro ubansa ya mutu a Turai.

"Da haka na girma. Wallahi da haka na girma. Har sadaka nake masa."

Shekara shida da suka wuce tsohon ya fara mantuwa. Giyar ya riga ya bari da daɗewa, amma ta gama aikinta. Turancin ya zube masa gaba ɗaya, sai Hausa. Nathaniel da matarsa, wadda ita ce a hoton Suhaib, tsohuwa mai jikoki, suka ƙi kai shi gidan tsofaffi. Suka bi masallatan Landan suna neman mai jin yarensa. Takardar cigiyarsu ta zo masallacin Dagenham, Maharazu ya ce zai je don lada.

"Na shigo na ga fuskata a kujera. Na tambayi sunansa, Nathaniel ya ce Maje. Na tambayi tsohon sunan unguwarsu, ya faɗa. Ya faɗi sunan mahaifiyata. Ni ne kawai bai sani ba. Na faɗa masa ya fi sau ɗari, sai ya ce ɗansa jariri ne yana Kano."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Kin san bincike. Ba ni ake bincika ba, asali ake bincika. Ɗan wa? Ɗan mashayin da ya ƙare a gidan giya. Baffa zai ba ni ke? Ga Suhaib a gefe, kakansa ma an san shi."

"Shi ya sa ka je masallaci ka aro uba."

"Alhaji Zaid bai sani ba. Shi ma maraya na ce masa."

"Ka kashe shi sau biyu ke nan."

Ya durƙusa a kan ƙasar nan mai laima, da kaftaninsa na Juma'a.

"Ki rufa min asiri zuwa Lahadi. In an ɗaura, ni da kaina zan faɗa. Don Allah, Ummu. Ke kaɗai na taɓa nema a rayuwata."

Ta dube shi a ƙasa. Tausayi ya kama ta, haushi ya kama ta, ta rasa wanda ya fi.

"Wanda ya iya binne ubansa da rai don ya sami mata," ta ce, "ran da matar ta zama abin kunya ina zai kai ta?"

Ta juya ta hau gangaren, ba ta waiwayo ba.

* * *

Bayan magariba Gwaggo ta buɗe kula a ɗaki, ta zuba musu. Ummu ba ta ci ba.

"Na yanke masa farce," in ji Gwaggo. "Ya ce min Hajiya hannunki da sanyi. Ya san Fatiha, ya san Ƙulhuwallahu, bai san yau wace rana ba." Ta tauna ta haɗiye. "Ni dai shawarata, mu koma mu ce wa Yaya aikin boiler ne, mun gani da idonmu. In an shafa fatiha ya ji. Yaya in ya ji kalmar ƙarya ba ya jin abin da ke bayanta."

"Jiya kika ce idonsa bai kwanta miki ba."

"Jiya ban ga zannuwan nan ba. Ke kin san namijin da zai wanke zanin fitsarin tsoho ya goge, tsohon ma bai san shi ba? Ni aure uku na yi, ban gamu da shi ba."

"Ƙarya ya yi, Gwaggo."

"Ya yi. Mu ma mai jego muka zo dubawa."

Ummu ta ture kwanon gefe. Ta san abu ɗaya: in ta yi shiru ta shiga cikin amin ɗin nan, in ta faɗa kuma ta rasa shi. Da wannan ta kwana.

Da safe, wajen ƙarfe tara, tana bakin taga da kofin shayin da bai shiga cikinta ba, wata baƙar mota mai sheƙi ta shigo harabar. Suhaib ya fito ya zagaya ya buɗe ƙofar baya.

Baffa Umar Faruq ya sako ƙafa, da babbar riga da carbi.

"Gwaggo! Baffa!"

"Wane Baffan? Inna lillahi! Ina ɗankwalina?"

Kafin su sauko, Suhaib ya riga ya nuna masa farar motar a gangare. A bakin ƙofar otal suka yi kiciɓis. Baffa ya dubi Ummu, ya dubi ƙanwarsa, ya dubi allon da aka zana kwalba a jiki.

"Nan ne Maidstone?"

"Yaya, tare muka kwana, gado da gado," in ji Gwaggo. "Abin da ya kawo ka shi ya kawo mu."

"Kun ga abin da na ce ko?" Suhaib ya ce. "Baffa, mu je kawai ku gani. Yana ciki."

Baffa ya wuce gaba. Ummu ta bi shi a baya.

An fito da tsohon waje yana shan hantsi, an sa masa farar riga da hula, an gyara masa gemu. Maharazu yana shanya tawul a kan shinge. Da ya ga Baffa sai ya daskare.

Baffa ya dubi tsohon. Ya dubi Maharazu. Ya sake duban tsohon. Mai ido ba ya bukatar a yi masa bayani.

"Baffa, ni zan..." Maharazu ya fara.

"Ban yi da kai ba. Bakinka ba shaida ba ne a wurina yau." Ya juyo. "Ummu. Tun jiya kina nan. Ban taɓa kama ki da ƙarya ba sai ta Maidstone. Wane ne wannan bawan Allah? Ya sunansa?"

Ta san sunan. Jiya ta ji shi. Kalma ɗaya ce.

Maharazu yana kallonta, Suhaib yana kallonta. Ta dubi tawul ɗin da ke kan shinge, ta dubi faratan tsohon da aka yanke tas.

Sai ta cire takalmi. Ta taka ciyawar da raɓa, ta je gefen kujerar tsohon ta durƙusa har ƙasa, ta jawo mayafi ta rufe rabin fuska.

"Baba ne," ta ce a hankali. "Mahaifinsa ne, Baffa. Yana raye. Ƙarya aka yi maka, kuma ba zan taya a ci gaba da ita ba."

"Sunansa na tambaye ki."

Ta ƙara sunkuyar da kai. Ba ta ce uffan ba.

"Ummu, magana nake miki."

"Yaya, bar ta," in ji Gwaggo. "Ba za ta faɗa ba ko za ka yanka ta. A gidanmu ka taɓa jin 'yar da ta kama sunan surukinta?"



"Suruki?" in ji Suhaib. "Baffa, mutumin nan fa a gidan giya ya..."

"Aure ake yi?" Tsohon ne ya katse shi, yana waige-waige da murna. "Auren wa?"

Gwaggo ta nuna Maharazu, ta nuna Ummu.

Tsohon ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji da hannu biyu, ya dubi Baffa.

"Malam, kai ne uban yarinyar?"

"Ni ne."

"To ina roƙon arziki. Yaron nan ba shi da kowa a ƙasar nan, ni ban taɓa ganin wani nasa ba. Amma na zauna da shi, na san halinsa. Ni nawa ɗan yana Kano, ƙarami ne. In ya girma ya zama kamar wannan, na gode Allah. In babu mai tsaya masa, ni zan tsaya masa a matsayin uba."

Maharazu ya juya ya kifa kai a jikin shinge, kafaɗunsa suna girgiza.

Carbin Baffa ya tsaya cak a hannunsa. Sannan ya tattare babbar rigarsa, ya tsuguna a gaban kujerar, ya karɓi hular ya mayar wa tsohon a kai.

"Ka tsaya masa?"

"Na tsaya."

"To na ji."

Ya miƙe ya dubi Maharazu, fuskar nan babu wasa.

"Zuwan da kuka yi da Alhaji Zaid na soke shi, kamar ba a yi ba. Ba a neman 'yata da uban aro alhali na gaske yana numfashi. Amin ɗin da ka ce kuwa, ba ni za ka ba haƙuri ba, ga mai ita nan a zaune. Gobe Lahadi bayan azahar ka sa masa riga ka kawo min shi Lewisham, ta ƙofar gaba, a gaban mutane. Duk wanda ya tambaya ka faɗi ko wane ne da inda ka ɗauko shi."

"Baffa, in na kawo shi... za a ba ni?"

"Kai na ce zan ba amsa? Mahaifinka ne ya roƙa, wanda ya roƙa shi ake ba amsa."

Ya juya ya kama hanyar gangaren. Suhaib ya bi shi da sauri, hotunan nan uku suna leƙowa daga aljihunsa. Baffa bai waiwayo ba ya ce, "Talatu, ɗauko kularki, a jirgi zan koma tare da ku."

Ummu tana nan durƙushe. Tsohon ya leƙo fuskarta ta ƙarƙashin mayafi.

"'Yan mata, ke kuma 'yar waye? Tashi mana, raɓa za ta jiƙa ki."

Ba ta tashi ba sai da Maharazu ya zo ya durƙusa a ɗaya gefen, ya kama hannun tsohon, ya ce da ƙarfi yadda har Baffa zai jiyo daga kan hanya:

"Baba, ni ne Maharazu. Ɗanka."